Yadda Na Gyara wa Pak Cik Jirginsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na wuni a tsakiyar laka ba, zaune cikin jirgin ruwan da babu ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa, tare da dattijon da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin mota nake, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni mutum ne da ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Idan na je masallaci na tarar da takalma a warwatse a ƙofa, sai na jera su kafin in shiga. Na taɓa miƙewa a falon surukina ana tsakiyar gaisuwa na daidaita masa agogon bango. Matata Hauwa ta daɗe tana cewa wannan ba tsafta ba ce, lalura ce, ni kuwa ina ce mata ai haka injiniyoyi suke. (Ba haka suke ba. Ni ne dai haka.)

Lokacin korona ina karatun digiri na uku a fannin lantarki a Kuala Lumpur. Muna haya a Kampung Baru, a ƙasan wani tsohon gidan katako, masu gidan suna sama. Maigidan shi ne Pak Cik Daud, tsohon direban bas da ya haura saba'in, kunnensa ya fara nauyi. Pak Cik kamar a ce Baffa ne a wajenmu, matarsa kuma Mak Cik. Mutanen kirki ne na ƙarshe. Da aka kafa dokar kulle, kusan kullum sai mun buɗe ƙofa mun ga kwanon abinci a kan matakala.

A gefen gidan, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, akwai wani ƙaramin jirgin ruwa mai inji a kan tirela, an lulluɓe shi da tampol. Ba na Pak Cik ba ne, na yayansa ne Abang Mat, wanda yake zaune a bene ba shi da wurin ajiya. Shekara kusan talatin su biyun suna jan jirgin nan zuwa bakin teku su fita kamun kifi. Abang Mat ne mai tuƙi, Pak Cik yana gaba yana gyaran ƙugiya da surutu.

Cutar ta ɗauke Abang Mat a shekara ta biyu. Ba a bari kowa ya je ba. A wayar hannu Pak Cik ya kalli jana'izar ɗan'uwansa, ma'aikata cikin fararen kaya sun rufe jiki ruf, ba ka gane fuskar kowa. Daga ranar ya daina surutu. Sai dai da la'asar ka ga ya yaye tampol ɗin ya hau jirgin ya zauna, yana kallon katangar maƙwabta.

Wata rana ɗansa da ke aiki a Singafo, wanda rufe iyaka ya hana shi zuwa, ya aiko masa da kwali. A ciki akwai sabon agogon mai, da agogon batir, da jerin makunnai, da rediyon da masu jirgi ke kiran juna da shi, sai wata ƙatuwar lasifika ta daban saboda kunnen tsohon. Pak Cik ya sauko da kwalin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

"Injiniya, boleh?" Wato zan iya?

Ni da ɗakin gwaje-gwajenmu ya fi wata nawa a rufe, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na ce, "Boleh, Pak Cik! Wannan ai wasan yara ne."

A nan ya gaya mini abin da ke ransa. Akwai wani wuri a cikin teku da suke zuwa shi da Abang, wurin ba shi da suna, ba shi a taswira. Yana so ranar da aka buɗe hanya ya je can ya karanta masa Yasin, tunda bai samu tsayawa a kan kabarinsa ba ranar da aka binne shi. Ya nuna mini wani ɗan littafi a cikin leda, rubutun Abang Mat da fensir: daga ƙarfen fitilar da ke bakin kogi, a saita kamfas a kan ɗari biyu da hamsin, a yi tafiyar minti ashirin da biyar. Iyakar adireshin ke nan.

Da na hau jirgin na ga allon da ke gaban matuƙi, wanda direbobi ke kira dashbod, sai da na yi salati. Faɗinsa bai wuce kamu biyu ba, amma an tara masa rashin tsari na shekara talatin. Agogon mai yana can dama a karkace. Makunnai uku, babu biyu masu kama da juna. A ƙasa wayoyin wuta sun cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne kamfas. An kai shi can kusurwar hagu, an ɗora a kan wani guntun katako, shi kaɗai tilo, kewaye da fili kusan taƙi biyu babu komai. A allon da ake neman inda za a sa ɗan yatsa!

Na ce, "Pak Cik, wannan filin fa? Asara ce."

Ya ce, "Abang ba ya bari a ajiye komai a nan. Ko makullin mota na ɗora sai ya buge mini hannu."

"Saboda me?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Haka dai Abang yake."

Na yi irin murmushin nan na wanda ya yi boko. A raina na ce, Allah ya jiƙan Abang, kowane tsoho da nasa camfin.

Mako biyu na yi a kan aikin nan, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗinsa fiye da karatuna. Na yanka kwali daidai girman allon, na zana komai da rula. Na cire tsofaffin wayoyi na ja sababbi, kowace da launinta, na ɗaure su a jere. Agogon mai a dama, agogon batir a hagu, tazararsu daga sitiyari iri ɗaya har da milimita. Makunnai a layi guda, kowanne da takardar sunansa da Malayanci. Kamfas kuwa na tumɓuke shi daga kusurwarsa na dawo da shi tsakiya, daidai saman sitiyari, inda ya dace da mutuncinsa. Rediyo ya zauna a damansa. To hagunsa fa? Ai ba za a bar gefe ɗaya wayam ba. Sai na huda na dasa lasifikar a nan, tsakaninta da kamfas bai fi yatsu uku ba. Tsofaffin ramukan sukuru huɗu da ke kusurwar hagu na cike su da foti irin na masu gyaran jikin mota, na goge, na bi da fenti, sai ka rantse ba a taɓa huda wurin ba.

Hauwa ta fito da shayi wata rana ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Abban Amira, wai ka taɓa shiga jirgin ruwa kuwa?"

(Ni ɗan Gumel ne. Ruwa mafi girma da na yi mu'amala da shi kafin in hau jirgin sama shi ne kududdufin bayan gidanmu.)

Na ce, "Lantarki lantarki ne, ko a tudu ko a ruwa."

Ta ce, "To Allah ya sa." Ta ajiye kofin ta koma ciki.

Na gwada komai. Fitilu sun kama, agoguna sun motsa, rediyo ya yi magana, lasifikar har karen maƙwabcinmu ta firgita. Kamfas ma na leƙa na ga yana lilo a cikin ruwansa, na ce lafiyarsa lau. Na ɗauki hoto na tura zauren ɗalibanmu 'yan Najeriya, aka yi ta "Injiniya ba ka da dama!" Pak Cik ya shafa allon da tafin hannu, ya daɗe yana kallon kusurwar hagu, sannan ya ce ya yi kyau. Na ɗauka daɗi ne ya hana shi ƙara wata magana.

Da aka sassauta doka aka yarda waɗanda suka yi rigakafi su tsallaka gari, muka sa rana. Da sassafe muka ja jirgin zuwa wani ƙauyen masunta, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Mak Cik ta ƙulle mana shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Pak Cik ya sa farar riga da hula, ɗan littafin Yasin a aljihun gaba. Rabon da in ga yana surutu haka tun kafin rasuwar.

A bakin ruwa tsofaffin abokan Abang Mat suka kewaye mu, takunkumi a ƙarƙashin haɓa, ana ta ta'aziyya. Pak Cik ya dafa kafaɗata ya gabatar da ni: injiniya ne daga Najeriya, ya kusa zama dokta, shi ya gyara jirgin Abang. Suka leƙa allon suna jinjina kai. Ni kuwa ina ta sunkuyar da kai irin na tawali'un ƙarya, har ina cewa ai ƙaramin aiki ne.

Muka fita. Akwai ɗan hayaƙi-hayaƙi a sararin sama ranar, ba a ganin nesa sosai. A daidai ƙarfen fitilar Pak Cik ya juya sitiyari har kamfas ya zauna a kan ɗari biyu da hamsin, ni kuma na riƙe agogo ina ƙirga minti, ɗaya hannun na damƙe ƙarfen gefe.

Wajen minti goma ya rage gudu. Ya nuna wani duhu-duhun itatuwa can gabanmu.

"Injiniya, wancan tsibirin, kamar a damanmu muke barinsa."

Ku ji abin da na ce. Wallahi da za a iya mayar da magana ciki da na haɗiye ta tuntuni. Na ce, "Pak Cik, ido yana ruɗi, musamman a irin wannan yanayi. Kamfas ba ya ƙarya."

Ya dube ni, ya dubi tsibirin. Shekara talatin a gaba yake zama yana gyaran ƙugiya, bai taɓa riƙe hanyar da kansa ba, ga shekara biyu rabonsa da teku. Ga kuma wanda ya kusa zama dokta yana magana. Ya ce, "Haka ne," ya ƙara wuta.

A minti na goma sha tara launin ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Ƙarar injin ta canza. Sai muka ji jirgin ya yi wani sulɓi a hankali, ya tsaya cak. Babu karo, babu jijjiga, ya dai zauna ne kawai. Pak Cik ya kashe inji, ya zira sanda a ruwa, ko gwiwa bai kai ba. Muka yi ta turawa da sandar, jirgin ya ce bai san zancen ba.

Ni a lokacin na fara sanin cewa teku yana janyewa ya dawo sau biyu a rana, ba a littafi ba, da idona. Kafin rabin awa ruwan ya tafi abinsa. Gabas da yamma laka ce baƙa mai sheƙi, ga ƙananan ƙaguwa suna kai da kawo, ga wasu kifaye masu ido a ka suna tafiya a kan taɓo suna kallonmu. Jirgin ya kwanta ta gefe ɗaya. Na tambayi Pak Cik yaushe ruwan zai dawo, ya ce sai bayan la'asar.

Kun san abin haushi? Har a lokacin ban zargi kaina ba. Na fara bayani, wai wataƙila Abang Mat ya yi kuskuren lamba, ko kuma laka ta ƙaru a shekara biyun nan. Mamaci nake ɗora wa laifi a gaban ƙaninsa. Pak Cik ya kwance ƙullin shinkafa ya miƙo mini nawa.

Azahar ce ta tona ni. Muka yi alwala da ruwan gora, aka zo neman alƙibla. A can alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa (shekara uku ina ƙasar amma jikina bai daina neman gabas ba). Na duba kamfas na nuna da hannu na ce nan ne. Don in ƙara tabbatarwa na taka zuwa gaban jirgin na buɗe manhajar alƙibla a wayata. Kibiyar ta nuna wani wajen daban, ba kusa ba.

Na girgiza wayar. Na kashe na kunna. Na ce, "Waɗannan wayoyin ba abin yarda ba ne."

Pak Cik ya zo ya kalli wayar, ya koma ya kalli kamfas. Sai ya laluba aljihu ya ciro makullin motarsa, ya kai kusa da kamfas ɗin. Kamfas ya ɗan motsa kaɗan. Ya janye makullin, kamfas ya koma yadda yake. Daga nan ya kai makullin kusa da lasifikata, sai ji muka yi ƙyas, makullin ya manne.

Innalillahi. Tun kafin ya buɗe akwatin kayan aiki na gane. Kowace lasifika da maganaɗisu a bayanta, mayen ƙarfen nan da muke farkewa daga tsohon rediyo muna wasa da shi muna yara. Wannan kuwa ƙatuwa ce, don kurma aka saye ta. Na ɗauke ta na dasa yatsu uku daga abin da ba ya aiki da komai sai maganaɗisun duniya. Kuma ni, babi na biyu na kundin digirina gaba ɗaya a kan maganaɗisu yake. Shafi arba'in da wani abu, har malamina ya yaba.

Ya ɗauki sukudireba ya kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya zaro lasifikar da wayarta a jiki, ya ja da baya da ita. Kamfas ya juya a hankali, ya yi ta juyawa kamar ba zai tsaya ba, sannan ya zauna daidai da abin da wayata ta faɗa.

Pak Cik ya kalli kusurwar hagu, inda na shafe da fenti. A hankali ya ce, "Ashe shi ya sa yake buge mini hannu."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, Turancin ya gudu, Malayancin ya gudu, sai na ji kaina ina cewa da Hausa, "Don Allah Baffa ka yafe mini." Ban san ko ya gane ba, amma ya ɗaga mini hannu, ya ce mu yi salla.

Bayan mun idar ya ce gara a sanar da mutanen gaɓa kada su ga shiru su damu. Ya ɗauki rediyon ya kira, lasifikar tana kan cinyarsa. Aka amsa. Ya faɗi inda muke. Sai wata murya ta tambaya me ya kai mu can, wurin da ko yaran ƙauyen sun san ba a bi. Pak Cik ya yi iya ƙoƙarinsa ya rufa mini asiri, ya ce kamfas ne ya ɗan samu matsala. Muryar ta ce, "Ba kai ne ka tafi da injiniya ba?"

Sai dariya. Ba mutum ɗaya ba, duk wanda rediyonsa ke kunne a yankin nan ya sa baki. Wani har tari yake. Kuma in gaya muku, lasifikar nan ta yi aiki. Kowace dariya ta fito tar, babu ko ɗan shuu, har tsuntsayen da ke kiwo a lakar suka tashi. Aikina ne, ni na haɗa wayoyin da hannuna.

Na zauna a gefe na rasa inda zan sa fuskata. Amma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Lissafi na yi: in ruwa ya dawo bayan la'asar, sai mun koma bakin kogi mu sake ɗauko hanya daga farko, kuma rana ba za ta jira mu ba. Yau dai ba za a je wurin Abang ba. Mutumin nan wata da watanni yana jiran ranar nan, ya sa farar rigarsa, ni kuma na kawo shi cikin taɓo saboda ba na son ganin gefe ɗaya wayam. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayinsa har idona ya ciko.

Can sai na ga ya gyara zama a jirgin da ke karkace, ya ciro ɗan littafin Yasin daga aljihu. Na ce, "Pak Cik, ai ba mu iso ba."

Ya ce, "Allah ya san inda Abang yake. Mu ne ba mu san inda muke ba. Matso."

Muka karanta tare, shi da karin harshensu, ni da namu. A tsakiya muryarsa ta karye, na ci gaba ni kaɗai har ya dawo ya same ni. Da muka shafa ya share ido da hularsa, ya ce tun ranar jana'izar bai iya kuka ba sai yau.

Ruwa ya dawo kamar yadda ya faɗa. Muka lallaɓa muka koma, aka tarbe mu da tafi a bakin gaɓa. Da muka isa gida Hauwa ta dubi wandona da ya sha laka har gwiwa, ta dubi fuskata, ta ce, "Sannu da zuwa, injiniyan tudu da ruwa." Sunan bai sake ni ba har yau.

Washegari na fito da kayan aiki zan mayar da kamfas mazauninsa, sai na tsaya ina zare ido, don na shafe ramukan da kyau har ni kaina ban san inda suke ba. Pak Cik ne ya zira hannu ta ƙarƙashin allon, ya lalubo su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ina hudawa daga sama. Guntun katakon ma ashe bai bari an zubar ba, ya ɗauke shi daga shara tun ranar da na jefar, ya adana a ɗakinsa. Lasifika ta koma can ƙasa ta dama. Allon ya dawo a karkace, gefe ɗaya cunkus, gefe ɗaya fili. Ya ɗauko alƙalami mai kauri ya rubuta kalma ɗaya a tsakiyar filin da manyan baƙaƙe: JANGAN. Wato kada. Rubutun ma a karkace ya yi shi, ina tsaye ina kallo.

Bayan mako biyu muka sake fita. Tsibirin ya wuce ta damanmu, a minti na ashirin da biyar Pak Cik ya kashe inji, ya dubi ruwan ya ce, "Nan ne." Aikin da aka ba ni a wannan tafiyar shi ne riƙon fulas ɗin shayi, kuma na riƙe shi da kyau.

Ban daina jera takalma a ƙofar masallaci ba, wannan sai dai a yi mini addu'a. Amma yanzu in na ga an bar wani gurbi wayam a cikin kayan mutane, ko an ɗora abu a inda bai yi mini kyau ba, sai in zuba hannuwana a aljihu in tambaya wa ya sa shi a nan. In aka ce mai shi ya rasu, to ko kusa ba na matsawa.